Lamba Bakwai Ba Ya Gajiya

Matar mahauci ce ta fara kawo mini labarin. Ta shigo aron rariya, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗaurin zani, tana jira in tambaye ta. Ban tambaya ba, don na san cikinta ba ya riƙe magana.

"Kaka, ashe ɗanki ya shiga kimiyya?"

"Wanne daga ciki?"

"Koci mana. Yana can bakin shago yana shelar wai ya ɗauki na'ura aiki."

Na ce, "Shi da ko yaron shago bai taɓa yin wata a hannunsa ba?"

Kocin nan autana ne. Gemunsa ya fara furfura, amma ni har gobe Auta nake ce masa. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga. In ka kai masa fanka mai juyawa a hankali, zai dawo maka da ita tana gudu sosai, sai dai bango take yi wa fifita. Da yamma kuma yana horar da samarin unguwa ƙwallo a filin bayan makaranta. Ba wanda ya naɗa shi. Usur ya saya ya rataya a wuya, shi ke nan ya zama Koci. Yana gaya wa yara ciwon gwiwa ne ya hana shi shahara a duniya. Ni na haife shi, na san gwiwar nan. Daga kan katangar maƙwabta ya faɗo, aljihu cike da gwaiba.

Da don ta shi ne, da ban kula ba. Amma jikana yana cikin yaran, ɗan babban ɗana da Allah ya yi wa rasuwa. A ɗakina ya girma, ina ce masa Angona. Tun yana tatata yake harbin kwanukana, har yau babu mai murfi daidai a gidan nan. Burinsa ɗaya, ya shiga makarantar horar da 'yan wasa ta wata babbar ƙungiya. Su kuma suna da iyakar shekaru, bana ce tasa ta ƙarshe. In mai neman 'yan wasa bai gan shi bana ba, sai dai ya koma riƙe wa baffansa sukurdireba. Kuma tun da aka share filin nan, baƙon da ya taɓa zuwa kallo mai sayar da rake ne kawai.

Da azahar sai ga Auta, ya zo daidai lokacin sauke tukunya kamar kullum.

"Inna, duniya ta canza. An faɗa a rediyo, ƙirƙirarriyar basira za ta cinye aikin masu horarwa da masu neman 'yan wasa gaba ɗaya."

"Ƙirƙirarriyar me?"

"Na'ura ce mai tunani, tana nan cikin wayata."

"To madalla. Yau dai an samu mai tunani a tare da kai."

Bai ji ba, ya yi nisa. Ya ce sauran masu horarwa suna can suna barci, na'ura za ta zo ta kwashe su da tabarmarsu. Shi kuwa zai hau kanta tun kafin ta hau kansa. Za ta kalli wasa, ta auna gudun kowa da bugunsa, ta aika wa manyan ƙungiyoyi. Nan da baɗi, in ina son ganinsa, sai na nemi izini wurin sakatarensa.

Na ce, "Ka wanke hannu tukuna, sakataren bai iso ba."

Washegari ya haɗa sandunan fankar sama na mutane, waɗanda suka kawo gyara suna jira, ya yi dogon turke, ya ɗaure wayar a bisa. Ranar farko ya juya ta baya. Aka gama wasa, na'ura ta ba da rahoto a kan mai rake da almajirar... a'a, kada in yi mata ƙarya, a kan mai rake da wata akuya. Rana ta biyu wayar ta yi zafi ta ɗauke. Rana ta uku ya ɗaura mata lemata, wadda nake zuwa asibiti da ita. Iska ta taso, lema ta tashi sama ta sauka a rufin makaranta. Tana can har yanzu, in kun bi ta wurin ku gaishe ta.

Da abin ya daidaita, sai Auta ya daina kallon yaran kwata-kwata. Su suna gudu a gabas, shi yana kallon turke a yamma. Yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa, ya ce a dakata sai na'ura ta faɗi ko da ciwo. Mai aski, wanda shagonsa ke kallon filin, ya ce masa, "Koci, in ka ji yunwa ita kake tambaya?"

"Ku yi ta dariya. Ranar da aka zo ɗaukata a mota, har da kai a masu ɗaga hannu."

"In motar asibitin ƙwaƙwalwa ce, da hannu biyu zan ɗaga."

Yanzu bari in gaya muku yadda rigunan ƙungiyar suke, don a nan maganar take, ko da yake ni ma a lokacin ban sani ba. Wani mai sayar da fenti ne ya ba su kyauta, masu lamba a baya, kuma ba su kai yawan yaran ba. Ni nake wanke su, don Auta ya ce gudummawata ke nan ga ci gaban wasanni. In na shanya, yaro ya zo ya zari wadda ta bushe ya sa. In an canza ɗan wasa a fili, mai fita ya tuɓe ya miƙa wa mai shiga, da zufarta da komai. Mai lamba bakwai ta fi sauran faɗi, kowa tana shigarsa, ga ta sharara tana saurin bushewa. Ba ta taɓa hutawa ba, a wasa ɗaya sai ta ratsa jiki uku ko huɗu. Mai lamba huɗu kuwa ta yage a hammata, ba mai so. Sai suka maƙala ta a kan sanda a kusurwar fili, ta zama tuta.

Wata rana na ga abin ya ba ni kunya, na aika aka kawo ta, na ɗinke hammatar. Angona ya makara zuwa igiyar shanya, ita kaɗai ya tarar, ya sa. Ashe ranar ce Auta ya tara jama'a zai karanta hukuncin na'ura.

An ce a kan benci ya hau, ya yi gyaran murya.

"Lamba bakwai! Ba ya gajiya. Yana bugawa da dama, yana bugawa da hagu, yana sa kai. Na'ura ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Wannan tarbiyyata ce."

Aka yi tafi.

"Lamba huɗu. Tun da aka fara aunawa bai motsa daga inda yake ba. Bai taɓa ƙwallo ba ko sau ɗaya. Wa ke sanye da huɗu?"

Yara suka juya suna leƙa bayan juna. Ido ya tsaya a kan jikana.

"Baffa, yau na fara sa ta."

"A fili ba Baffa, Koci."

"Koci, ai rigar..."

"Za ka yi musu da kimiyya? Ita ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san ɗan yaya ba. Daga yau kai ne mai ɗaukar bokitin ruwa."

Yaron nan ya dawo gida. Ya wanke takalmansa, ya sa su a leda, ya tura ƙarƙashin gado can ciki. Na zuba masa abinci, ya ce ya ƙoshi. Angona da ke cin nasa ya leƙa nawa! Na yi masa tsiyar da muka saba, na ce in bai ci ba, zan sake miji. Ko murmushi bai yi ba. 

Na yafa mayafi na nufi shagon Auta. Na same shi da tela da mai aski, yana yi musu lacca.

"Kai Auta, yaron da kai da bakinka ka ce ya fi kowa, shi ne malalaci?"

"Ido yana ruɗi, Inna. Na'ura ba ta ruɗuwa."

"Ya ce maganar riga ce."

"Inna, don Allah. Wannan ba harkar wanki ba ce."

Tela ya ce, "Kaka, ki bar shi. Tun da ya samu na'ura, ko gaisuwa sai ta amince yake amsawa."

Ina shirin kama kunnensa a gaban mutane, wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Daga babbar ƙungiyar nan ne. Rahoton lamba bakwai ya isa wurinsu, za su turo mai neman 'yan wasa ranar Asabar.

Ya ajiye waya ya dubi mai aski. "Ɗaga hannun. Fara koyo tun yanzu."

Da yamma ya tara yaran ya ce lamba bakwai ya fito gaba. Yara huɗu suka fito. Na biyar yana tunani, shi ma ya fito.

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tambaya. Auta ya dube su, ya shafa gemu, ya ce, "Kada ku damu. Na'ura ta san abinta. Ranar za ta nuna shi."

Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa wanda aka gani da bakwai a baya, shi za a tafi da shi. Tela bai taɓa ganin kasuwa irin ta makon nan ba. Uwaye suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowace da riga a ƙunshe cikin mayafi, kowace tana cewa kada ya gaya wa kowa. Shi kuma ya rantse wa kowace. Rigunan da na shanya suka ɓace daga igiya tun suna ɗiga. Ta asalin kuwa, matar mahauci ta zo mayar da rariya, ta fita da ita a hammata. Na gan ta, na ƙyale, don ina so in ga ƙarshen abin.

Ranar Asabar na ce wa Angona ya ɗauko takalmansa.

"Kaka, bokiti zan ɗauka."

"Ɗauki bokitin da takalmi a ƙafarka. Haramun ne?"

Fili ya cika. Auta ya sa kwat a cikin zafin nan, usur a kan kwat. Ya jona wayar da wata tsohuwar lasifika da ya gyara, don jama'a su ji muryar kimiyya da kunnensu. Mota ta tsaya, wani ƙaton mutum mai tumbi ya fito, wata siririyar yarinya da jaka a kafaɗa ta biyo baya. Auta ya ruga ya rungume ƙaton, ya zaunar da shi a kujera mai hannu, ya fara ba shi tarihin gwiwarsa. Ya miƙa wa yarinyar kwalbar ruwa ya ce ta riƙe wa maigidanta.

Sai da ya kai wurin da likitoci suka yi kuka, mutumin ya ce, "Malam, ni direba ne. Ga wadda ta zo aikin can."

Auta ya juya ya karɓe kwalbar daga hannunta. "Na sani, ranki ya daɗe. Gwada shi nake yi."

Ta ce, "Ba komai. Ina lamba bakwai?"

Ya hura usur, yara suka shigo a jere, suka juya baya. Jama'a, bakwai ce tun daga wannan kusurwa har waccan. Wata babba, wata ƙarama, wata a karkace, wata an lulluɓe tsohuwar lambar da ƙyallen labule. Har mai tsaron gida bakwai. Tela ya sunkuyar da kai yana duba farcensa.

Yarinyar ta cire tabarau ta goge ta mayar. "Wanne daga ciki?"

Zufa ta keto wa Auta ta cikin kwat. "Salon horarwata ke nan. Duk na mayar da su bakwai. A fara wasa, na'ura za ta tantance."

Aka fara. Lasifika ta yi kururuwa, sannan wata murya mai sanyi ta cika filin.

"Lamba bakwai ya ba lamba bakwai. Lamba bakwai ya ƙwace daga lamba bakwai. Lamba bakwai ya taɗe lamba bakwai."

Mai aski ya zame daga kan benci yana riƙe da ciki.

"Lamba bakwai ya buga. Lamba bakwai ya kama. Lamba bakwai yana ko'ina a lokaci guda. A duba ko akwai matsala."

Wani ya yi ihu daga baya, "Akwai! Ga ta can cikin kwat!"

Ana cikin haka ɗan tela ya gane ta asalin ce a jikin ɗan mahauci. Ya cafki wuyanta ya ce shi ya fi sa ta. Wannan ya ja, wancan ya ja, ji kake ƙyat, riga ta rabu biyu. Mahauci ya shigo fili da rigar aikinsa, ya kama hannun ɗansa ya ce ba zai bar shi a hannun mahaukata ba. Matarsa na biye tana zagin tela, wai shi kaɗai ta gaya wa ta asalin na wurinta, ya ci amanar sirri. Sauran matan suka ce wane sirri, su ma ya rantse musu. Suka yi kansa gaba ɗaya.

Lasifika kuwa ba ta fasa ba. "Lamba bakwai ya fita. Lamba bakwai yana ciki."

Auta ya jingina tsani a jikin turken zai hau ya kashe ta. Turken da ya haɗa da hannunsa! Ya kai tsakiya, sandunan fanka suka tuna asalinsu, suka juya. Shi da tsani da waya suka taho tare, ya sauka zaune daram cikin bahon ruwan shan yara. Usur ɗin na bakinsa, ya ba da wani ɗan sauti kamar tsako.

Yarinyar ta jira dariya ta lafa. "Malam Koci, kowane yaro yana da rigarsa?"

Auta ya hau matse kwat ɗinsa.

"Wa ke raba musu rigunan?"

Duk filin aka nuno ni. Na ce, "Ba ni ba ce, 'yata, igiyar shanya ce. Wadda ta bushe, mai rabo ya ɗauka. In ya gaji ya tuɓe wa wani."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce irin wannan na'urar lambar baya take bi, ba ta san fuskar kowa ba. "Wato tun asuba na taso don in ga riga."

Ta rataya jakarta, ta yi wa direba alama. Na dubi Angona, yana tsaye da bokiti, idonsa a ƙasa. Na ga damarsa ta bana tana tafiya zuwa mota da ƙafafunta.

Na ce, "'Yata, tsaya. Na'urar ta karɓe muku har da idanu ne?"

Ta tsaya. "Kaka, ta karɓe da yawa. Da muna da yawa a ofis, yanzu an rage mu. Ita ke cewa je can, je can." Ta gyara tabarau. "Amma idon nawa ne."

"To ki ba shi aiki, tunda kin riga kin sha hanya."

Ta duba agogo, ta ajiye jakar. Ta ce kowa ya juya rigarsa ciki waje, ba ta son ganin lamba ko ɗaya. Aka ƙirga, saura mutum guda, gurbin ɗan mahauci. Ta nuna mai bokiti.

Auta ya ɗago daga cikin baho. "Ranki ya daɗe, wannan lamba huɗu ne. Na'ura ta ce bai taɓa motsi ba."

Ta buɗe abin hannunta mai kama da faranti, ta lalubo rahoton da ya aika, ta ɗaga wa mutane hoton lamba huɗu. Ga sanda a kusurwar fili, ga riga a kanta tana kaɗawa.

Mai aski ya share hawaye. "Koci, sanda ka kora, ka haɗa da ɗan yayanka."

Ni ban san ƙwallo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Taɓawar farko santsi ya kwashe shi ya faɗi, na ji kamar ni aka kayar. Ya tashi bai ko kakkaɓe jiki ba. Daga nan na ga dai ƙwallon ta riƙa bin sa kamar ya ba ta abinci. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya zo bakin raga kowa na ihun ya buga, sai ya tura wa ɗan mai aski da ke tsaye shi kaɗai, wancan ya zura. Na ce a raina, sakarai, ka ba da rabonka. Na saci kallon yarinyar. Ta kife farantin a cinya, ta dafe haɓa, idonta na kansa.

Da aka tashi ta kira shi, ta tambayi shekarunsa da wanda ke riƙe da shi. Ya nuno ni. Ta ce, "Kaka, ban yi alkawari ba. Gwaji ne, yara da yawa za su zo. Amma ina so ya zo."

Na buɗe baki in yi godiya. Auta ya riga ni, ya iso yana ɗigar ruwa.

"Kin ga dabarar? Da gangan na ɓoye shi ya huta. Manyan masu horarwa haka muke yi."

Direban ya ce, "Malam, akwai ganyen rake a gemunka."

Washegari da sassafe na tarar Angona ya cinye ɗumamen da na ajiye wa kaina, yana tsakar gida yana goge takalma. Na ce ya ci gaba da haka, sakin yana nan zuwa. Ya yi dariya har da ƙwarewa.

Na ɗauko ɓari biyun rigar nan da aka yar a fili, na haɗa su na ɗaura a bakin sanda, na tsoma a ruwan sabulu na fara goge daɓe. Na yi ɗaki, na yi baranda, na yi ƙofar kicin. Sai ga Auta ya shigo da wayarsa a cikin kwanon shinkafa, ta jiƙe a baho, wai tana shan magani. Ya ga abin da ke hannuna, ya dafe ƙirji.

"Inna! Wannan fa rigar tarihi ce!"

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Na goge ƙarƙashinta, na matse, na sake tsomawa.

Na ce, "Auta, ka gaishe mini da na'urarka in ta farfaɗo. Ta faɗi gaskiya guda ɗaya. Tun ɗazu lamba bakwai yake aiki, ko haki bai yi ba."